Inda Gajere Yake Tsayawa

Ranar da muhandis Mutaz, wato injiniyan gini, ya zo ya ce za a rushe benen Sinima Zahra, ina zaune a wajena ina juya gyaɗa a kasko. Da mutanen kwamitin unguwa yake magana, amma tunda a kaina ya tsaya, ai da ni ya yi. Ya nuna musu tsagar da ta taso daga gindin bango ta haura har kusa da rubutun sunan, ya ce daminar bana ta buɗe ta har hannu yana shiga, ga 'yan gudun yaƙi kuma kwance a ƙarƙashi da 'ya'yansu. Ya ce ranar Asabar masu guduma za su zo. Na ci gaba da juya gyaɗata, ban san ta ƙone ba sai da ƙaurin ya dake ni.

Sunana Ummuhani, amma a bakin sinima Goggo ake ce mini, Larabawa da Habashawa da kowa da kowa. Tun ina amarya nake sayar da gyaɗa da tasali, wato soyayyen guna, a gindin wannan bango, kuma ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Kada ku yi mamaki. Matan unguwarmu ba sa shiga sinima. Hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu Gadarif ta ƙasar Sudan, suka tsaya noman dawa don su tara guzuri, guzurin bai cika ba har yau. Duk da haka tsoffinmu matafiya aikin hajji suke ɗaukar kansu, kuma ba a jin matar mahajjaci a gidan kallo. Sayar wa masu shiga gyaɗa halal ne, shigar ce abin kunya. Ban san malamin da ya yanke wannan ba, haka dai muka taras.

Sinimar ta ɗan girme ni. Wani hawaja, wato Bature, ɗan Girka mai cinikin riɗi ne ya gina ta a shekarun da riɗi ya yi masa albarka, ya sa mata sunan wata mata da ba wanda ya san ko wace ce, har matarsa. Ƙasar Gadarif ba ta son gini. Baƙar laka ce, da rani ta dare har akuya ta iya karyewa a ciki, da damina ta kumbura ta ture bango. Saboda haka hawaja ya sa aka haƙa har aka tarar da fa, aka yi ta ɗauko dutse daga tuddan gari a kan jakuna. Gaban ginin ya fito da ciki kamar randa, ga ƙofofi masu baka, ga tagogin yankan tazkara, wato tikiti, da ragar ƙarfe, can sama kuma manyan haruffa da suke kamawa da jan wuta da magariba. Filin kallon ba shi da rufi, sai benen baya da ake kira loj, inda 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suke zama da iyalansu. Bangon loj ɗin da ke fuskantar titi, daidai saman kaina, da bulo masu huji aka yi shi kamar saƙar zuma, don iska ta riƙa shiga.

Surukina yana cikin masu ɗauko dutsen. Makiyayi ne da shanunsa suka ƙare a hanya, bai san komai a gini ba sai jan jaki. A gidan ana ba da labari cewa wata rana magini ya sauka salla, shi kuwa ya ɗauki cokalin gini ya ɗora bulo guda da hannunsa, magini ya dawo ya same shi da cokali ya fatattake shi ya koma wajen jakunansa. Har ya mutu yana cewa shi ya gina sinima, kuma shi ma bai taɓa shiga kallo ba.

Ɗansa ne maigidana, sunansa Arzika. Na faɗa muku yanzu na huta, don a gabansa ban taɓa kiran sunan ba. Malam nake cewa, in raina ya ɓaci in ce Gajere a zuciyata. Gajere ne kuwa na gaske, da ƙyar hularsa take kawo mini kafaɗa, duk ƙusar da ya kafa a gidanmu sai na sunkuya nake rataya abu a kanta. Aikinsa riƙe tocila a ƙofar loj, ya karɓi tazkara, ya haska wa manya hanya zuwa kujerunsu. Da ya sami aikin, tsoffi suka tada ƙura, sai da ya yi wa mahaifinsa alkawari cewa ba zai taɓa kallon hoton ba, baya zai riƙa ba shi. Ya kuwa cika. Mutum ya yi rabin rayuwarsa a gidan kallo bai ga fim ko guda ba, ku faɗa mini wayo ne wannan ko wauta.

Kullum da la'asar sakaliya zai zo ya wuce ta gabana da farar jallabiyarsa, yana ƙamshin man riɗin da yake shafe kai da goshi da shi, ya shige ƙofar tsakiya. Ko tari ba ya yi. Namijin unguwarmu ba ya tsayawa da matarsa a titi, ba ya kallonta a gaban mutane, in ya yi sai a ce an shanye shi. Ni ma ƙasa nake kallo in zai wuce. Haka aka yi mana tarbiyya, ban ce ba daidai ba ne. Amma ina zaune nan ɗan kasuwa zai zo da matarsa cikin mayafi mai sheƙi, ya tsaya ya tambaye ta gyaɗa take so ko tasali, ya saya ya sa mata a hannu, su hau sama tare, kuma mijina ne zai haska musu hanya. Wannan abu ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Da safe muna shan shayi nakan tambaye shi abin da aka nuna jiya, don ni sauti kawai yake zuwar mini ta saman bango, sukuwar dawaki, harbin bindiga, matan Indiya suna waƙa kamar an mintsine su.

"Ban sani ba, Doguwa," sai ya ce. "Ni ke nake kallo."

"Ta ina? Ta cikin dutse?"

"Akwai wajena. Jiya ɗankwalinki ya zame, kika gyara da hannun hagu. Kika kori kare da murfin kwano, ya'ani har murfin ya gangara titi."

"Yunus mai ƙofa ya faɗa maka."

"Halas, shi ke nan, Yunus ne. Ki riƙa ɗaura jan ɗankwalin nan dai, shi ya fi fitowa a hasken fitila."

Na sha ɗaga kai in dubi bangon, hujin duk iri ɗaya ne daga ƙasa, baƙi ƙirin, ba ka ganin komai. Na ɗauki zancen a matsayin wasan namijin da ba ya iya gaida matarsa a waje, sai ya zo gida ya biya ta da baki. Ban damu ba sosai, har shekarar da muka binne ɗanmu namiji, bai ma kai ga zama ba. Zaman gida ya fi ƙarfina, na koma bakin tirena. Ranar da na koma wata mata ta zo da jinjiri a kafaɗa, ya miƙo hannu zai taɓa fitilata. Daga nan har aka tashi daga fim hawaye suke zubo mini, ba sauti, ina auna gyaɗa ina miƙawa. Washegari na zuba masa shayi na jira. Na ce in dai yana ganina, yau zai yi magana. Ya kurɓa ya ce, "Jiya kin zauna a miƙe kamar soja, ko motsi ba ki yi ba."

Daga ranar na rufe maganar a raina. Ko dai ƙarya yake yi, ko kuma ya ga hawayen bai damu ba, ba na uku. Na zaɓi ƙaryar don ta fi sauƙin haɗiya, amma ɗayan bai bar ni ba. Shekara da shekaru muna kwana ɗaki ɗaya da wannan abu a tsakaninmu, shi bai ma san yana nan ba.

Sinima ta mutu a hankali. Bidiyo ya shigo, aka hana wannan aka hana wancan, haruffan suka daina kamawa ɗaya bayan ɗaya. Magadan hawaja suka sayar wa wani ɗan kasuwa, ya mai da ita ɗakin ajiyar riɗi, ya bar Gajere a matsayin mai gadi. Ni ban tashi daga wajena ba, don kasuwa ta riga ta matso, masu jiran mota suna sayen gyaɗa. Har a lokacin yakan ce ya hau sama ya gan ni, ni kuwa in ce masa shayinsa yana hucewa. Ya rasu kafin yaƙi da 'yan shekaru, cikin sanyi, bayan gajeriyar jinya. Ɗan kasuwa ya sa wa ƙofofin sarƙa ya tafi da mabuɗi.

'Yarmu Sauda tana aure a garin Shuwak. Duk wayar da za ta yi sai ta ce in tattara in koma wajenta, me nake yi ni kaɗai a gida kamar mayya. Gaskiya ne ni kaɗai ce. Ina dafa abincin mutum ɗaya, ya yi saura. Wani lokaci sai na kai bakin sinima nake gane cewa tun asuba ban buɗe baki na yi wa kowa magana ba. Amma ban koma Shuwak ba, kuma in ta tambaye ni dalili sai in ce ciniki.

Da yaƙi ya koro mutane daga Hartum, sannan daga Madani, Gadarif ta cika har makarantu da tashar mota. Aka nemo ɗan kasuwa aka cire sarƙar, aka zuba mutane a cikin sinima. A nan na san Rasha. Mace ce da ta haura arba'in, siririya, mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zare, tana zaune a ɗakin yankan tazkara ita kaɗai. A Hartum zanen gine-gine ne aikinta. Mijinta Waleed ya sa ta a mota ya ce zai tsaya ya kulle gida ya biyo baya, tun ranar ba ta sake jin muryarsa ba. Ba ta cika magana a kansa ba. Takan fito da hantsi ta zauna kusa da ni a kan dutse, ta taya ni ɓare gyaɗa, ta yi ta yabon ginin kamar wani saurayinta. Da Larabci muke hira, don ba ta jin Hausa sai sannu.

Ƙofa a buɗe take yanzu, mata suna shiga suna fita da bokitai, ba wanda zai ce na yi abin kunya. Tsoffin da za su ce ma duk sun kwanta dama. Amma ban shiga ba. Muddin ban hau ba, maganar tana nan a rataye, ban tabbata ba ban kuma ƙaryata ba. Sai ga Mutaz da Asabar ɗinsa.

Bayan ya tafi na zubar da ƙonanniyar gyaɗar, na tambayi Rasha ko mutum zai iya ganin nan daga can sama.

Ta ɗaga kai ta gyara tabarau. "La, ya Goggo. Wanda ya zana shi ya san abin da yake yi. Hujin a karkace suke, bakinsu na waje yana kallon sama. Iska ta shiga, amma hasken titi kada ya shiga ya ɓata hoto. In kin leƙa daga ciki gajimare kawai za ki gani."

"Duka?"

"Duka. Na hau kafin a rufe matakalar, na leƙa."

To, ga amsa ta zo mini har inda nake zaune, daga bakin wadda ta yi karatun abin. Ya kamata in huta. Amma ban huta ba, sai na ba ta labarin duka, abin da ban taɓa faɗa wa Sauda ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Malesh," wato in yi haƙuri.

"Ba malesh nake nema ba. Gobe Juma'a, in maza sun tafi masallaci za ki kwance mini wayar ƙarfen da aka ɗaure kwanon da ya toshe matakala da ita."

"Ya Goggo, muhandis ya yi gaskiya fa. In ya rufta da mu?"

"Ya tsaya tun kafin a haife ki, zai iya ƙara tsayuwar rabin yini. Ba zan yarda a rushe shi da maganar wani a kunnena ba, ko taki ce. Idona nake so."

Washegari da aka fara huɗuba na rufe tirena da buhu, na gyara mayafi, na yi bismilla na shiga ƙofar tsakiya, wadda yake shiga. Wani dogon zaure ne mai sanyi, ƙasansa an shimfiɗa ƙananan duwatsu masu launi an goge su sun yi santsi. Daga nan sai fili ya buɗe, yana gangarawa a hankali kamar bakin rafi, har zuwa wani farin bango da ban taɓa ganin mai faɗinsa ba. Ashe wannan ne abin da duk gari yake zuwa kallo, bango kawai, yara sun zana motoci da gawayi a gindinsa. Tsakanin bencinan siminti mutane sun kewaye da buhuna da zannuwa, kowa da ɗan ɗakinsa, hayaƙin murhu yana tashi nan da can. A tsagogin ƙasa riɗin da ya zube tun zamanin ajiya ya tsiro da ruwan bana, har ya yi fararen furanni. Wata tsohuwa da ke kwance a tabarma ta bi ni da ido, na gaishe ta na wuce.

Rasha ta kwance wayar, ta ja kwanon gefe. Matakalar a murɗe take, ƙarfen riƙo an daɗe da sace shi, sai bango na dafa. Gwiwoyina suka yi ta ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ina hawa ina tuna cewa kullum ta nan yake bi da gajerun ƙafafunsa, sai na ji haushi ya taso mini, ban san dalili ba.

Loj ɗin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Kujerun ƙarfe ne a jere, katifunsu sun ruɓe, kashin tantabaru ya rufe ƙasa. Tsagar tana nan ta ratsa daɓen daga wannan gefe zuwa wancan, ana hango mutane ta cikinta. Ban tsaya kallonta ba, na nufi bangon huji. Hasken rana yana shigowa ta cikinsu yana sauka a ƙasa ɗigo-ɗigo. Na kafa ido a na farko, sama. Na gaba, sama. Na bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan ina leƙawa, shuɗin sama da gajimare, a wani kuma shirwa tana shawagi. Rasha tana biye da ni.

"Maƙaryaci," na ce da Hausa, da ƙarfi, har tantabaru suka tashi. "Gajeren maƙaryaci. Ka sa na hau nan da tsufana."

Na juya zan sauka. A bakin ƙofar, inda matakala ta ƙare, akwai wani ɗan lungu da mutum ɗaya zai iya tsayawa. Jiri ya ɗebe ni, na kai hannu zan dafa bango, sai mayafina ya maƙale a wani abu daidai ƙirjina. Ƙusa ce, tsohuwa, ta yi tsatsa. Na tsaya ina kallonta. Ba mai kafa ƙusa a wannan tsawo sai mutum ɗaya, na yi rayuwata ina sunkuya wa irinta. Nan yake rataye tocila.

Kusa da ƙusar, a ɗan ƙasa, farar ƙasar bangon ta yi wani tabo baƙi mai sheƙi, faɗinsa kamar tafin hannu. Na san wannan tabo. Akwai ɗan'uwansa a bangon ɗakinmu, inda yake jingina kai in yana jin rediyo, na wanke na wanke ya ƙi fita. Man riɗi ne da goshin mutum suka yi shekaru suna goga. Na dafa gwiwa na sunkuya, na ƙara sunkuyawa har na dawo tsawonsa, na ɗora goshina a kan tabon. Daidai idona akwai huji.

Wannan ba sama yake kallo ba. Ta tsakanin ƙarafan haruffan sunan, a ƙasa can, ga kujerata, ga tirena a rufe da buhu, ga kasko da murhu, ga dutsen da Rasha take zama. Ba titi, ba masu wucewa, ba komai sai wannan ɗan wuri, kamar an auna shi.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Rasha ta taɓa ni, na matsa ta leƙa. Ta ɗago ta shafa bulon da hannu, ta duba na kusa da shi.

"A kife aka ɗora shi," ta ce a hankali. "Wanda ya sa shi bai san samansa da ƙasansa ba. Ni a tsaye na leƙa, ban sunkuya nan ba."

"Mai jakuna ne," na ce. Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba.

To bai yi ƙarya ba. Na zaci in na gano haka zan ji sanyi, sai na ji akasinsa. In yana ganina, to ya ga ranar nan ke nan, ya ga hawayen, ya kwana ya tashi ya kurɓi shayi ya ce mini soja. Na faɗa wa Rasha haka cikin fushi. Ta dube ni ta dubi hujin, ta ce in jira ta a nan, ta sauka da sauri.

Na zauna ni kaɗai a lungun. Daga masallacin kasuwa ana jin liman ya tada salla. Bayan ɗan lokaci na sake ɗora goshi na leƙa. Rasha ta fito daga ƙofar tsakiya, ta je ta zauna a kan kujerata, yadda nake zama, fuska ga titi. Abin da nake gani bayan mace ne, da ƙeyarta, da kafaɗu, da hannu in ta motsa shi. Na karkata kai dama, na karkata hagu, na nemi ko gefen kumatu, babu. Sai maganganunsa suka riƙa dawo mini. Ɗankwali ya zame. Kin sosa kafaɗa. Kin kori kare. Bai taɓa cewa kin yi dariya ba, bai taɓa cewa kin ɓata rai ba, ni kuwa ban taɓa lura ba. Rasha tana nan zaune a miƙe, ko motsi ba ta yi.

Na sauko ina dafa bango, a zaune na gama rabin matakalar. Na bi zauren na fita rana, na zagayo ta gabanta don in ce mata ta tashi ta ba ni wajena. Tabaraunta suna hannunta. Fuskarta jiƙe take sharkaf, hawaye sun sauka har wuyan rigarta, tana kallon hanyar da motocin Madani suke shigowa. Tun yaushe take haka, ban sani ba. Daga sama ban ga komai ba.

Na zauna a kan dutsenta, ita tana kan kujerata, na riƙe mata hannu. Ba wadda ta lallashi wata. Da maza suka fara dawowa daga masallaci ta goge fuska ta koma ta ɗaure kwanon kamar ba a taɓa shi ba.

Ni kuwa na bar kayana a rufe da buhu, na tari raksha, keken haya mai ƙafa uku, na tafi gida. Jan ɗankwalin yana ƙasan akwati, ya koɗe ya zama ruwan tumatir, asu ya ci gefensa. Na ɗaura shi haka nan na dawo. Da la'asar sakaliya, lokacin da yake wucewa, na ɗaga kujerata na juya ta, na ba titi baya. Na ɗaga fuska na nemi wajen tsakanin haruffa, yanzu na san inda yake. Na zauna a haka har aka kira magariba. Na yi masa faɗa kuma, a zuciyata, don ya cancanta. Mutum yana da baki, kullum yana shan shayina, me zai hana ya ce Doguwa ki riƙa juyowa? Kunya ce ta hana shi, na sani, ko kuma ya ga bayan ma ya ishe shi. Wannan na biyun ne ya sa ni kuka, kuma a wannan karon fuskata tana sama.

Ranar Asabar Mutaz ya zo da mutanensa, aka fitar da na ciki, aka matsar da ni tsallaken titi. Ya yi aikinsa da kyau, ba wanda ya ji ciwo. Rasha ta ce ko ta roƙe shi ya cire mini bulon a ajiye. Na ce ta bar shi, me zan yi da shi a ɗaki, in leƙa in ga randa? Kafin azahar bangon saƙar zuma ya zama tarin ɓaraguzai, haruffan aka jingine su a zaure.

Da aka share wurin na dawo da kayana inda suke. Sauda ta yi waya ta ce tunda an rushe, yanzu me ya rage. Na ce mata ciniki. Har yau haka nake zama, baya ga titi, fuska ga ginin, ko da yake saman ƙofar ba komai yanzu sai fili. Masu jiran mota suna cewa Goggo ta fara ruɗewa, wani ma ya taɓa kama kujerar zai juya ni. Na buge masa hannu na ce ya bar ta yadda ya gan ta, mai son gyaɗa ya zagayo.